Cokali Ta Tagar Kicin

Ina cikin takaba nake faɗar wannan. 'Yata ce ke rubutawa, don ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ba zan ambaci sunanta ba, 'yar fari ce. Ba zan ambaci na mahaifinta ba, don ban taɓa kiransa da suna ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba. Malam nake ce masa. Shi kuma amarya yake ce mini har ranar da ya daina magana, alhali haƙorana na gaba sun daɗe da zubewa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne abincin da ta kawo mini ɗazu. Tun rasuwar ta dawo nan da zama don kada in kwana ni kaɗai. Yau ta taso daga aiki a gajiye, ta ɗora ruwa, ta zuba makaroni, ta buɗe kifin gwangwani, ta haɗa da madara, kafin masu sallar magariba su fito daga masallaci ta sauke. Ta zubo mini a faranti. Ƙamshin kawai na ji na fashe da kuka. Ta zaci kukan da na saba ne. Na ce mata wannan daban ne, ta ajiye farantin ta samo takarda.

Lokacin da aka kawo ni Kano, Malam yana aikin kuku a Nasarawa, unguwar Turawa. Baturen da yake wa aiki yana ma'aikatar hanyoyi ne, rabin rayuwarsa a rangadi yake. Mu muna bayan gida, cikin jerin ɗakunan ma'aikata, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa, ga famfo a ƙofa. Ni da na taso ina ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa, famfon nan ya fi mini komai. Amma unguwar shiru gare ta kamar maƙabarta. Gida da gida sai ka yi tafiya. Ba a daka idan Baturiya ta kwanta da rana, ba a ɗaga murya, ba a kiwon zakara. Matan ma'aikata kuwa ba ma shiga babban gida, ba ma shiga kicin. Wannan dokar Baturiya ce, kuma ta yi wa Malam daidai, don shi ma ba ya son a ga matarsa.

Kicin ɗin ba a cikin gidan yake ba. Ɗaki ne shi kaɗai, da wata doguwar rumfa da ta haɗa shi da wurin cin abinci. Tagarsa ta baya tana duban ɗakunanmu, kusa da igiyar shanya da wata bishiyar darbejiya. Ta wannan taga nake hango Malam da farin kaya, yana kai da kawo gaban murhun ƙarfe mai cin itace. Baturiya ba ta zuwa kicin sai da safe, da makullai a hannu, ta buɗe sito ta fitar da abin da za a dafa, ta kulle ta tafi. Mai kai abinci tebur shi ne boyi. Sunan aikin ne kawai boyi, mutum ne mai furfura a gemu, Bakatsine, mai barkwanci da sakin baki. Ba mugu ba ne, amma abin da ya gani da safe kafin la'asar masu gadin layin duk sun ji.

Akwai abincin da ake yi idan Bature ya dawo daga rangadi ba zato, a tsakiyar mako, ba a yi cefanen nama ba. Sai dai a ji mota a ƙofa rana na shirin faɗuwa, sai boyi ya zo da gwangwani a hannu ya ce Madam ta ce kifi, maza-maza. Kifin ja-ja ne a ciki, samon suke ce masa, daga ƙasarsu ake kawo shi kanti. Malam sai ya ɗora ruwa ya zuba makaroni. A 'yar tukunya mai mariƙi ya narkar da bota, ya barbaɗa fulawa ya juya, ya riƙa tsiyaya madara kaɗan-kaɗan yana juyawa kada ta yi gudaji, har ta yi kauri kamar kunu. Ya buɗe gwangwanin ya tsince ƙaya da baƙar fatar, ya farfasa kifin ya zuba, ya sa gishiri da masoro, ya matsa lemon tsami kaɗan. Ya tsane makaronin a gwagwa ya haɗe su. Kafin Bature ya fito daga wanka abinci na tebur. Malam yakan ce duk girkinsa babu mai sauƙin wannan, kuma babu mai saurin tona asirin kuku kamarsa, don madara ba ta da kara. Ka juya baya ta kama, kuma gwangwani da gwangwani gishirinsu ba ɗaya ba ne.

Ni ko kallon abincin nan ba na son yi. A garinmu kowa ya san ba a haɗa kifi da nono, kuturta yake kawowa. Akwai wata mata da take zaune ita kaɗai a bayan gari, ba yatsu, aka ce ranar kasuwa ta ci soyayyen kifi ta bi da fura da nono. Ina ƙarama na taɓa cin kifi na miƙa hannu wajen ƙwaryar nono, innata ta make hannun har ya kumbura. Boyi ma haka ya yarda. Idan ya ɗauki kwanon yakan miƙe hannu nesa da jikinsa, ya ce wa Malam ai ga dalilin da ya sa fatar mutanen nan ta koma haka, tun kakanninsu suke ci. Malam yakan taɓa da kan harshe ya tofar ya kurkure baki. Yana cewa ya daɗe yana yi bai ga komai ba, amma ban taɓa ganin ya haɗiya ba.

Daminar da na haifi wannan da ke rubutu, Malam ya kwanta zazzaɓi mai tsanani da mura. Ya tashi, jiki ya dawo, sai wata rana muna cin tuwo ya tambaye ni me ya sa na daina sa daddawa a miya. Na ce ai har ta so ta yi yawa. Ya tashi ya ɗauko ƙullin daddawar ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa. Ya ɗebi barkono ya zuba a harshe, ya ce zafi yake ji kawai kamar an ɗora masa garwashi, amma ba ɗanɗano. Hanci ya mutu, harshe ya mutu. Muka yi rubutu, muka yi hayaƙi, muka yi saiwoyi, ba abin da ya dawo. Ya ce abinci ya zama kamar tsumma a bakinsa.

Kuku marar harshe ba kuku ba ne. Idan Baturiya ta sani aiki ya tafi, ɗakin ma ya tafi da shi, ga jaririya a hannu, kuma Malam ba shi da gona a gida, tun yana saurayi ya bar ƙauye. Boyi kuwa yana da ƙane da ya koyi girki a kulob ɗin Turawa yana neman gida. Saboda haka ba wanda za a gaya wa. Hannun Malam ya san aikinsa, amma hannu kaɗai ba ya isa. Miya ta fara fita lami yau, gobe gishiri ya yi yawa.

Shi ya kawo dabarar. Ya ce idan na ji ya ƙwanƙwasa cokali a bakin tukunya, in fito kamar zan kwashe shanya, in tsaya jikin taga. Sai ya miƙo cokalin in ɗanɗana in gaya masa. Don haka kullum sai na bar wani tsumma a igiya, ko ya bushe ko bai bushe ba.

Ranar farko ya miƙo mini wata miyar Turawa, na ce ba gishiri, ba yaji, ba komai, wannan ai ruwan wanke kwano ne. Ya yi dariya har ya dafa bango, rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon. Ya ce, “To ta yi ke nan. Ki ɗauka marar lafiya za a ba. In kin ji kamar saura kaɗan gishiri ya ji, nan ne wurin.” Haka ya koya wa harshena ma'aunin Turawa. Na ɗanɗana miyar kaza, na ɗanɗana romon naman sa, na ɗanɗana wani kunun ƙwai da sukari da suke ci bayan abinci. Nakan kuma shinshina masa nama da madara in ya yi shakka. Abinci ya gyaru, hankalinmu ya ɗan kwanta.

Sai ranar da mota ta tsaya a ƙofa da yamma, boyi ya kawo gwangwani. Na ji cokali a bakin tukunya, na goya yarinya na fito. Da na ga abin da ke cikin cokalin, fari da ja-ja, na ja da baya. Na ce masa duk abin da zai ba ni zan ɗanɗana, ban da wannan. Ya ce in taɓa kawai in tofar. Na ce shi namiji ne, kuma ba ya shayarwa, abin da na ci shi yarinyar nan za ta sha. Na juya na koma ɗaki.

Madarar ta kama a gindin tukunya bai ji ƙauri ba. Gwangwanin kuma mai gishiri ne, ya ƙara nasa kamar kullum. Farantai suka dawo kusan yadda aka kai su, Bature ya ci burodi da cuku ya tashi. Boyi ya ajiye tiren yana cewa yau ko kyanwar gidan ta ce ta ƙoshi.

Da safe Baturiya ta tsaya a ƙofar sito da makullanta. Ina jin ta daga gindin famfo, da Hausarta ta tsinta-tsinta. Ta ce, “Kuku, jiya ba kyau. Kwanaki ma ba kyau. Kai ciwo har yanzu?” Ya ce ya warke, kuskure ne. Ta ce idan bai warke ba ya je ƙauye ya huta, a samo wani ya riƙe. Ba da faɗa ta faɗa ba. Amma duk bayan gidajen Nasarawa an san wanda ya tafi hutu ba ya dawowa ya tarar da murhunsa. Ranar boyi ya yi ta ba mai lambu labarin yadda ƙanensa ya iya gashin kaza.

Malam bai ce mini komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da ƙwanƙwasa cokali a kan sauran abinci, ina zuwa, yana cewa madalla, ina komawa.

Ba a daɗe ba Bature ya sake fita rangadi, ya sake dawowa ba zato. Na ji mota, na ga boyi ya wuce da gwangwani. Na zauna a bakin ƙofa ina sauraro. Na ji ƙarar buɗe gwangwani, na ji an tsane makaroni, ban ji cokali ba. Na jira, shiru. Sai na ga ba zai kira ni ba, haka zai tura abincin a makance, abin da zai faru ya faru. Na tashi na gyara goyo na je jikin taga. Yana tsaye gaban tukunyar da ƙullin gishiri a hannu, yana kallonta kawai.

Ya ce, “Koma ɗaki, amarya.”

Na ce, “Miƙo.”

Ya dube ni, ya dubi kan yarinyar da ya leƙo ta kafaɗata. Na sake cewa ya miƙo, abinci na hucewa. Ya miƙo. Na yi bisimilla na sa a baki da niyyar tofarwa a gindin darbejiya, sai ga boyi ya ɓullo ta kusurwa yana neman tsumman goge tebur. Na haɗiye. Na gaishe shi, na ciro nawa tsumman daga igiya. Da ya wuce na ce wa Malam kada ya ƙara gishiri ko ƙwaya, lemon tsami ne bai ji ba.

Abin yana da santsi, da ɗan ƙarni, kuma yana da daɗi. Daɗin nan ya fi komai ba ni tsoro.

Farantai suka dawo a suɗe. Ni kuwa na kurkure baki da toka har dasashina ya yi jini. Na hana yarinya nono sai washegari, na yi ta ɗura mata ruwan kunu tana ƙi tana kuka, ni ma ƙirjina ya cika ya yi tauri ina kuka. Daga baya na daina hana ta, don ba zai yiwu ba. Na daina tofarwa ma, na ga wanda ya riga ya haɗiya ba abin da tofarwa za ta yi masa.

Haka muka zauna shekaru. Ba zan ce kullum ake dafa kifin ba, amma ba a daɗewa. Duk sanda na ji mota da yamma sai gabana ya faɗi. Na gaji da tsayuwa jikin taga, na gaji da tsumman ƙarya a igiya, na gaji da kasa kunne, don ko wanka zan shiga sai na lissafa ko an kusa kira. Ban je suna ba, ban je biki ba in dai zai kai yamma. Da innata ta yi ciwon ajali na je na dawo a gurguje, aka yi ta cewa birni ya canja ni. Kowace safiya kuma sai na fito da yarinya bakin ƙofa inda haske yake, in tuɓe ta in jujjuya ta, in duba bayan kunne da tsakanin yatsu, sannan in duba nawa jikin.

Wata safiya na ga wani ɗan farin tabo a wuyanta. Na taɓa ji an ce tabon kuturta ba ya jin zafi, sai na ɗauko allura na tsikara wurin. Ta ƙwalla ƙara, ni kuwa na rungume ta ina godiya ga Allah. Ƙyasbi ne, ya tafi da kansa. Ga ta nan ta ɗago kai tana shafa wuya tana kallona, na ce ta ci gaba da rubutunta.

Malam ya sani. Yana ganina ta taga ina jujjuya yarinya, sai ya kawar da kai. Idan an yi abincin nan yakan sayo mini goro mai kyau ya ajiye a gefen tabarma, ba ya cewa na mene ne.

Aka ba da mulkin kai. Mun ji kaɗe-kaɗe daga nesa, mun ga tutoci a motoci, amma a bayan gida tambaya ɗaya ake yi, wa zai shigo idan sun tafi. Namu Turawan ba su tafi nan da nan ba, sai da aka ɗan jima. Ranar da za su tafi Baturiya ta yi wa Malam sallama ta ce bai taɓa ba ta kunya ba sai sau ɗaya. Ta tafi ba ta san da ni ba, in ban da matar kuku mai yawan shanya. Boyi ya koma Katsina. Aka bar mu da mai lambu muna jiran sabon maigida.

Wanda ya shigo ma'aikacin gwamnati ne, mutumin wajen Zariya, matarsa malamar makaranta, Kiristoci ne. Suka ce kuku ya zauna. Muka yi murna, na ce a raina yanzu kam ko ba komai an rabu da kifi da madara, tuwo za a ci. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ita ba Baturiya ba ce. Hausarta ta fi tamu, kuma kicin ba baƙon wuri ba ne gare ta. Takan shigo ba ƙarar makulli mai sanar da zuwanta, ta buɗe tukunya, ta tambayi wannan ta tambayi wancan. Malam ya koma ƙwanƙwasa cokali a hankali, sai ya leƙa rumfa tukuna.

Wata Laraba ta dawo daga makaranta a makare, da tarin littattafan yara da za ta duba. Ta buɗe sito ta ga gwangwanayen da Baturiya ta bari. Ta ce ta san abincin nan tun tana kwaleji wajen Turawa, a yi musu shi da sauri, ta gaji. Malam ya haɗa kamar yadda ya saba. Ya leƙa, ba kowa, ya ƙwanƙwasa. Na zo, ya miƙo, cokalin na bakina sai na ji muryarta daga ƙofar kicin.

“Kuku, wa kake ciyarwa ta taga?”

Ta tako ta leƙo ta gan ni, da tsumma a hannu da cokali a baki. Ta ce, “Baiwar Allah, zagayo ki shigo.”

Ranar na fara taka cikin kicin ɗin nan, bayan duk shekarun da na yi ina kallonsa. Ashe ƙarami ne, ga zafi kamar tanderu. Na tsaya jikin ƙofa na rufe fuska da mayafi. Ta ce ita ba ta hana a ci abinci ba, amma ba ta son a ɗauka a ɓoye. Da Malam ya ji an kusa kiransa ɓarawo, sai ya faɗi gaskiya, duk, tun daga zazzaɓin. Yana magana yana kallon murhu.

Ta dube ni. Ta tambaye ni ko ba a gaya mini abin da ake cewa game da kifi da nono ba, don ita ma kakarta ta sha faɗa mata. Na ce an gaya mini. Ta ce kuma nake ci? Na ce to ya zan yi. Ta ɗauki wani cokalin ta ɗanɗana da kanta, ta yamutsa fuska, ta ƙara gishiri, ta ce a miƙo mata yaji. Ta ce, “Mu ba Turawa ba ne.” Ni kuwa da cewa zan yi masa ya yi daidai.

Washegari ta kira shi. Ta ce ba za ta kore shi ba, kuma ba za ta gaya wa kowa ba. Amma ba ta son girki ta taga. Ni in shigo in tsaya a kan tukunya, tunda tuwo da miya za a fi yi kuma na fi shi sanin su. Shi ya riƙe cefane da gashin burodi da sauran abin da ba ya bukatar harshe. Ɗakinmu yana nan. Matar nan ta yi mana adalci, ban taɓa riƙe ta a zuciya ba.

Malam ya ce zai yi shawara. Ya dawo ɗaki ya cire farin kayan ya ninke su, ya ce in fara haɗa kaya. Ya ce ba zai tsaya yana yanka albasa a kicin ɗinsa ba, matarsa tana girka wa wani namiji abinci, direba da mai lambu da baƙi suna shiga suna fita suna kallonta. Na roƙe shi. Na ce ya dubi yarinya, ya dubi cikin da ke jikina, ya dubi famfo. Na ce ni ban ƙi ba, na ma fi son in tsaya a ciki da in tsaya a waje. Ya ce ya gama magana. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Na ce, “To kifin da na yi ta haɗiya fa, Malam? Na mene ne?”

Ya ce, “Ta taga kika haɗiya. Ba wanda ya gan ki.”

Muka ɗora kaya a kura muka koma Kawaji, wajen wani ɗan garinsu da ya ba mu ɗaki. Lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a nan. Na koma jan guga. Malam ya gina ɗan tanderu da laka da rabin ganga, yana gasa burodi yana kai wa leburorin kamfanoni. Ni ke ɗanɗana masa kwaɓin, ni ke gaya masa in ya fara ƙauri, amma yanzu a tsakar gidanmu, ba mai leƙe. Mun sha wuya. Na daɗe ina jin haushinsa, na kuma gaji da jin haushin na bari. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa cewa ya yi daidai ba.

Harshensa bai dawo ba har ya koma ga Allah. Duk abincin da na ajiye masa sai ya tambaye ni, “Amarya, yau ya yi?” In ce ya yi, ko in ce kuka ta yi yawa, ko manja ya tsufa. Sai ya gyaɗa kai ya ci, kamar ya ji da kansa. Ko a gidan biki aka kawo masa abinci sai ya ƙunso ya zo da shi gida in gaya masa abin da ya ci. Kuturta kuwa ba ta zo ba, ga yatsuna nan cif, sai dai sanyin ƙashi.

Farantin yana nan gefena, ya huce tuni. 'Yata ta ce bari ta ɗumama, na ce ta bari. Na ɗebi cokali ɗaya na sa a baki. Gishirin ya ɗan wuce, lemon tsami kuma babu sam. Na buɗe baki zan faɗa, har na juya wajen da yake zama, sai na ga buzunsa a naɗe jikin bango. Na haɗiye. Na ce mata ta ɗauke farantin ta rufe, na gaji, ta ajiye alƙalamin haka nan.